Agogon Ɗakin Wankin Ƙoda: Daga Gamawa Zuwa Azare

Sharhinmu na yau zai leƙa ɗakin da babu mai fatan a kai shi, wato ɗakin wankin ƙoda, domin duba abin da ba a cika tambaya ba: ƙarfe nawa malaman jinyar wannan ɗaki suke kama aiki, ƙarfe nawa kuma suke tashi.

Wani zai ɗauka wannan magana ce ta ma'aikata su kaɗai. To, a je Gamawa a tambayi gidan da ke da mai ciwon ƙoda.

A irin wannan gida, ranar wanki tana farawa tun kafin kiran assalatu. Tun daren jiya babban ɗa ya yi magana da direba a ajiye musu gaban mota. In kuwa daga Gololo ne, ko Raga, ko wani ƙauye na bayan Udubo, sai an fara ɗora dattijon a babur, wani ya zauna bayansa ya riƙe shi har bakin titi. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sai silifa. A zaune ma ya kwana, an jera masa matasai a baya, domin da ya miƙe sai ya ji ruwa ya taso masa ƙirji, numfashi yana neman gagara. Tsakanin Gamawa da Azare, inda ake wankin, akwai tafiyar fiye da kilomita 60, motar haya kuma ba ta tashi sai ta cika. Duk tsawon hanyar lissafi ɗaya ne a zuciyar ɗan rakiya: za mu samu sahun farko kuwa? In sun samu, la'asar a hanyar gida za ta yi musu. In ya wuce su, sai sahu na biyu, a fito da magariba, motocin Gamawa sun ƙare, a nemi gidan dangi ko a shimfiɗa tabarma a harabar asibiti. Ga kuɗin abinci, ga gona ko shago da aka bari kwana biyu.

Abin da ya raba waɗannan ranaku biyu shi ne lokacin da malamar jinya ta buɗe ƙofa ta kunna inji.

Asibitin Tarayya na Azare, wanda kowa ya fi sani da FMC, shi ne madogarar mutanen ƙasar Katagum in ciwo ya yi tsanani, kuma tun 2021 garin ya samu Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, sunan Azare yana cikin jerin, haka kuma Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ya shiga shirin. Wannan sauƙi ne na gaske, babu mai musu. Ƙa'idar wanki sau 3 ne a mako, kimanin sau 13 ke nan a wata. A tsohon farashi naira 650,000 ne duk wata, a sabon kuma naira 156,000. Har yanzu ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyu, amma gidajen da a da sukan je sau ɗaya su koma su rungumi ƙaddara, yanzu suna iya dawowa. Da farashi ya sauka layi zai ƙaru, wannan ko a kasuwar hatsi haka yake. Layi in ya ƙaru kuwa, a wuyan malaman jinya yake sauka.

Don a gane nauyin, sai an san yadda injin yake cin lokaci.

Ƙodar mai lafiya tana aiki dare da rana, tana tace dattin jini, tana fitar da ruwan da ya yi yawa ta fitsari. Idan ta mutu, aikin da take yi cikin awa 168 na mako shi ake so inji ya yi cikin awa 12: zama uku, kowanne awa 4. Ana jawo jini daga jikin mutum ta siririn tiyo, ya bi ta cikin matata, wani ruwa na musamman yana wucewa ta gefensa yana kwashe dattin, sannan jinin ya koma jiki. A zama ɗaya inji yakan sha lita 120 na wannan ruwa, kuma ba ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ake zubawa kai tsaye ba, sai an bi da shi ta na'urorin tacewa sun cire gishiri da sinadarai da ƙwayoyin cuta. Awa huɗun nan ba a yi musu ragi. In an gaggauta, an janye ruwa da sauri fiye da yadda jiki zai ɗauka, jinin mutum sai ya faɗi, ya fara jiri da amai, ƙafafu su murɗe.

Ba da awa 4 aka fara ba. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya haɗa injin farko mai aiki a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma sai a 1945 aka samu mutum na farko da injin ya ceta, wata dattijuwa. A 1960, a birnin Siyatil na Amurka, Dakta Belding Scribner ya ƙirƙiro hanyar da za a riƙa komawa jijiyar mutum ana maimaita wanki, kuma zaman farko na majinyacinsa Clyde Shields ya haura kwana 3 a jere. Mutumin ya ƙara shekara 11 a duniya. A shekarun farko da daddare ake yi wa mutane, su kwana a kan inji. Sannu a hankali matatu suka inganta, aka tsaya kan tsarin da duniya take bi yau: wasu Litinin, Laraba da Juma'a, wasu Talata, Alhamis da Asabar. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ne ya fara wankin ƙoda a 1981, shi kuma Asibitin Malam Aminu Kano ya yi nasa dashen ƙoda na farko a 2002.

Yanzu mu shiga ɗakin da sassafe, kafin majinyaci ko ɗaya ya iso.

Malamar da ke buɗe ɗaki ba kan gado take fara zuwa ba. Wurin ruwa take nufa, ita da ma'aikacin inji, a duba tankuna, a gwada ruwan a tabbatar babu sinadarin da zai fasa ƙwayoyin jinin mutum. Sai a kunna injina ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi gwajin kansa, ba a iya sa shi ya yi sauri. Sai ta fasa sabuwar leda ta ciro tiyo da matata, ta jera su, ta rataya ruwan gishiri ta zagaya da shi cikin tiyon har sai kumfar iska ta ƙarshe ta fita, domin iska in ta shiga jijiya kisa take yi. Wannan kaɗai yakan ci rabin awa zuwa awa guda. Sannan a kira majinyaci, a ɗora shi a sikeli, domin bambancin nauyinsa na yau da na ranar da ya fita shi ne ruwan da za a cire. A auna jini, a duba zazzaɓi.

A nan za ka ji irin gaisuwar da ba a ji a sauran ɗakunan asibiti, domin waɗannan mutane sun saba da juna, mako-mako suke haɗuwa.

"Baba, sannu da hanya. Yau nauyin ya ƙaru da kilo uku fa. An sha kunu da yawa ko?"

"Wallahi 'yata, zafin nan ne. Maƙogwaro kamar an hura wuta."

"Na sani, Baba. A daure dai, a riƙa ɗan tsotsar ƙanƙara. Kawo hannun."

Wanda ya san zafin watan Afrilu a Gamawa ya san abin da ake nema a wurin wannan dattijo, a ce ya ƙayyade ruwan da zai sha ana cikin bazara. Rarrashin nan da nasihar nan duk cikin aikin malamar suke, kuma suna cin mintoci.

Sai sa allura. Majinyacin da aka yi wa ƙaramar tiyata aka haɗa masa jijiya da jijiya a hannu, nasa da sauƙi: allura biyu, a manne da filasta. Amma da yawa daga cikin mutanenmu ba su kai ga wannan tiyata ba, sun zo ne ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, sai dai a zura musu roba a wuya ko a matsematsi. Ita wannan tana son tsabta ta musamman da natsuwa, wani lokaci ta toshe, a yi ta fama jini ya ƙi gudu. Inda aka yi niyyar farawa ƙarfe 8 sai a ga 9 ta gota.

Da jini ya fara zagayawa, malamar ta shiga tsaro. Duk rabin awa sai ta auna jinin kowane majinyaci ta rubuta. Injin yana jan kusan mililita 300 a minti ɗaya, wato lita guda cikin minti uku da 'yan daƙiƙu, alhali duk jinin jikin babban mutum kimanin lita 5 ne. A ce allurar da ke mayar da jini ta zame a ƙarƙashin mayafi, majinyaci yana barci, kafin a ankara an yi asarar da ba ta gyaruwa. Shi ya sa ake hana rufe hannun da zane ko da sanyin hunturu ake yi, shi ya sa kuma malamar ɗakin nan ba ta iya cewa bari in leƙa kanti in dawo. Sallah ma karɓa-karɓa suke yi. Ranar Juma'a, namijin da ke kan aiki yakan ji huɗuba daga lasifikar masallaci yana tsaye gaban inji. Da azumi kuwa, sau da yawa dabino da ruwan leda a gefen teburin rubutu su ne buɗa-bakin.

Awa 4 ta cika, a mayar wa mutum jininsa, a zare allura, a danne wurin minti goma ko fiye, domin an sa masa maganin hana daskarewar jini. A sake aunawa, a sake hawa sikeli. A kwashe tiyo da matata a zubar, a goge gado, a sa injin ya wanke cikinsa, a ɗauko sabbin kaya a sake jerawa. Mai ciwon hanta nau'in B injinsa daban ne, ba a haɗa shi da na kowa. Tsakanin sahu da sahu, in za a yi abin yadda ya kamata, kusan awa guda ce.

To ga lissafin a dunƙule. Malama ta iso ƙarfe 7 na safe. Sahun farko ya hau ƙarfe 8, ya sauka 12. Na biyu ya hau ƙarfe 1, ya sauka 5 na yamma. Kafin a wanke injina a cika takardu a rufe ɗaki 6 ta yi. Awa 11 ke nan, in komai ya tafi daidai, wuta ba ta ɗauke ba, roba ba ta toshe ba, babu wanda jikinsa ya rikice. In aka ƙara sahu na uku, 6 zuwa 10 na dare, ba a rufe ɗaki sai wajen 11.

Yanzu a ɗora wannan kan jadawalin da aka saba da shi a yawancin asibitocin gwamnati na ƙasar nan: aikin safe daga 7 ko 8 zuwa 2 na rana, aikin yamma daga 2 zuwa 8 ko 9, aikin dare har wayewar gari. An yanka wannan jadawali ne don ɗakunan kwanciya, inda ake raba magani da allura a kan lokaci. A ɗakin wankin ƙoda bai zauna daidai ba. Mai aikin safe in ta zo ƙarfe 8, majinyaci ba zai hau ba sai 9. Ƙarfe 2 kuma, lokacin miƙa aiki, yakan faɗo ne daidai sa'ar da ake ɗora sahu na biyu ko ba a daɗe da ɗora su ba. Ko dai ta miƙa wa wata majinyacin da jininsa ke waje, da duk bayanin da ke kanta, ko ta haƙura ta zauna har ya sauka. Masu tsoron Allah a cikinsu zama suke yi, kuma waɗannan awoyi ba kasafai suke fitowa a takardar albashi ba.

A Amurka, inda cibiyoyin wankin ƙoda na kamfanoni irin su DaVita da Fresenius suka cika garuruwa, an warware matsalar ta wata hanya mai tsada ga jikin ma'aikaci. Masu buɗe cibiya sukan iso tsakanin 4:30 da 5:30 na asuba, domin sahun farko ya hau wajen ƙarfe 6, kuma aikin yini yakan kai awa 10 zuwa 12, kwana uku ko huɗu a mako. Lahadi a rufe. Amfanin shi ne sahu uku suna shiga cikin yini ɗaya, mai zuwa ofis ko kanti ya zaɓi na asuba ko na yamma. Illar kuwa ma'aikatan can sun daɗe suna kuka da ita: gaggawa a tsakanin sahu. A 2017 har ƙudiri aka kai majalisar jihar Kalifoniya ana neman a tilasta tazarar minti 45 tsakanin majinyaci da majinyaci, a kuma ƙayyade yawan mutanen da nas ɗaya za ta kula da su. Ƙudirin bai zama doka ba.

Gajiya kuwa tana da farashi, kuma an auna shi. Wani bincike da Ann Rogers da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2004, kan ma'aikatan jinya 393, ya nuna cewa wanda ya yi awa 12 da rabi ko fiye a kan aiki, yiwuwar ya yi kuskure tana ninkawa kusan sau uku. Kuskure a ɗakin wanki shi ne a rubuta lita 4 inda ya kamata a cire 2, ko a manta matse tiyo. Duk mai cewa ai malamai su ƙara haƙuri su ƙara awoyi, ya tuna cewa mahaifinsa ne zai iya zama majinyacin awa ta goma sha biyu.

Akwai kuma ranakun da suka fi sauran nauyi. Mai wankin Litinin, Laraba da Juma'a, daga Juma'a zuwa Litinin kwana biyu cur yake yi babu wanki. Ruwa ya taru, sinadarin fotashiyam ya hau, shi kuwa in ya yi yawa zuciya yake tsayarwa. Binciken da aka buga a 2011 kan majinyata sama da 32,000 a Amurka ya gano cewa mace-mace sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan wannan dogon hutu. Can ke nan, inda ake samun sau 3 a mako ba fashi. A nan, inda mutum kan yi kwana bakwai ko goma yana haɗa kuɗi, yana jiran a sayar da akuya ko buhun gero, kusan kowane zuwa na gaggawa ne. Malamar da ke aikin safiyar Litinin ta san ba za ta zauna ba.

Bayan rufe ɗaki ma wayarta ba ta mutuwa. Mace ta haihu ta zubar da jini, ko jijjiga ta kama ta, ƙoda ta tsaya. Yaro ya yi amai da gudawa har fitsari ya ɗauke. Manomi maciji ya sare shi, an tsaya maganin gida kwana uku. Irin waɗannan, in aka yi musu wanki a kan lokaci, sau da yawa ƙodarsu takan farfaɗo su koma gida lafiya, ba sai sun dawwama a kan inji ba. Amma ba sa zaɓen lokacin zuwa. Ƙarfe 2 na dare za a kira wadda ke jiran kira, ta tashi maigida ya kai ta a babur, ta sake kunna ruwa da inji daga farko, gari ya waye tana tsaye, ga kuma sahun safe sun fara taruwa a bakin ƙofa.

Sai wuta. In aka ɗauke ta ana tsakiyar wanki, batirin inji na ɗan lokaci ne. Idan janareta bai tashi da wuri ba, malamar takan kama marfin famfon jini ta riƙa juyawa da hannu don kada jinin ya daskare a cikin tiyo, ko ta mayar wa mutum abinsa. Masu sauraro ba su manta ƙarshen watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu. A irin waɗannan kwanaki jadawalin ɗakin wanki yana komawa hannun mai kula da janareta da kuɗin man dizal. Haka ma hanya: a daminar 2024 ambaliya ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Majinyacin da ruwa ya tsare a hanya ya iso ƙarfe 3 na yamma, wace zuciya ce za ta ce masa ya koma sai gobe? Malamar ce za ta ƙara awa 5.

Su kansu malaman raguwa suke yi. A farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Wanda ya iya aikin ƙoda kuwa, wanda ya yi kwas na musamman bayan karatun jinya, shi ƙasashen waje suka fi zawarci, Ingila da Saudiyya da sauransu. Ba a ɗauko nas daga ɗakin yara yau a ce gobe ta riƙe inji. Sai ta yi watanni tana koyo a hannun wadda ta ƙware. Ranar 30 ga Yulin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana 7, ta janye bayan 'yan kwanaki, kuma cikin manyan buƙatunta akwai ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa da ɗaukar sabbin ma'aikata. Mai ciwon ƙoda ba ya iya jiran a gama sasantawa, shi ya sa bai kamata a riƙa bari magana ta kai ga yaji ba.

Yankin nan kuma ba wurin da za a yi sakaci ba ne. Gamawa tana iyaka da jihar Yobe, kuma duk Arewa an san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da Nguru da Jakusko, har gwamnatin Yobe ta sa masana bincike kan musabbabinsa. Ga hawan jini da ciwon suga da ba a aunawa sai sun yi ɓarna. Ga ƙwayoyin kashe ciwon jiki da manomi da ɗan acaɓa da mai dako suke haɗiya kullum daga hannun mai talla. Ga jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba, ga mayukan sauya launin fata. Layin ɗakin wanki ba raguwa zai yi nan kusa ba.

Ga wani lissafi da ya kamata masu riƙe da amana su riƙe. Inji ɗaya, sahu biyu a rana, kwana 6 a mako, zama 12 ke nan, wato mutum 4 kacal in za a yi musu cikakken wanki. In aka ƙara sahu na uku, zama 18 ne, mutum 6. Ɗaki mai inji 10 zai tashi daga mutum 40 zuwa 60 ba tare da an sayi ko inji ɗaya ba. Abin da ake buƙata shi ne rukunin malamai na biyu, da wuta, da ruwa, da kayan aiki. Mun saba ganin an yanka kirtani an ɗauki hoto gaban sabbin injina, kuma madalla da mai bayarwa, Allah Ya saka masa. Sai dai inji ba ya sa wa mutum allura. Attajiri ko ɗan majalisar da ke son taimakon yankin Katagum, ya tambaya tukuna: malamai nawa ne a ɗakin, kuma nawa ne kuɗin tura mutum biyu kwas?

A ganin wannan sharhi, ɗakin wankin ƙoda yana buƙatar jadawalinsa na kansa, wanda aka yanka bisa awoyin inji. Rukunin farko su kama aiki 6:30 ko 7, su ɗora sahun safe su sauke shi da hannunsu. Rukuni na biyu su shigo tun kafin na farko su tashi, a samu awa guda ana tare, lokacin sauyin sahu, inda aiki ya fi yawa kuma kuskure ya fi sauƙin faruwa. Kada a bar kowa ya haura awa 12, kuma wadda aka kira da daddare a ba ta hutun washegari, a biya ta haƙƙinta a kan lokaci. Mai fitowa da duhun asuba, musamman mace mai aure da ta bar yara suna barci, a sama mata mota ko masauki kusa da asibiti.

A raba sahu kuma bisa nisan gida. Mutumin Gamawa da na Zaki da na Itas da na Shira, a ba su lokacin da zai bar su su iso, su kuma koma gida da rana. Mazaunin cikin Azare, wanda keke napep zai kai shi ƙofar gida cikin minti goma, shi ya fi dacewa da sahun yamma. A rubuta wa kowa rana da lokaci a katinsa, a ajiye lambar wayar da za a kira tun daren jiya a ji ko injin yana aiki, kafin a kashe kuɗin mota. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, littafi ɗaya ne da waya ɗaya. Nan gaba kuma, in gwamnatin jihar Bauchi ta tashi kawo wankin ƙoda kusa da jama'a a manyan asibitocin ƙananan hukumomi irin na Gamawa, ta fara da tura 'ya'yan yankin karatu, shekara guda kafin injin ya iso. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne, ya san waɗannan hanyoyi da nisansu. Ragin farashin da aka yi yana jiran cikonsa, wato ɗaukar ma'aikata.

Ku kuma 'yan'uwa masu rakiyar majinyata, kuna da naku kason. Ku iso kafin lokacin da aka ba ku, domin jinkirin mutum ɗaya yana tura duk wanda ke bayansa zuwa dare. Kada a tsallake ranar wanki don an ga jiki ya yi sauƙi. In kun ga malama ta ce a jira inji ya gama wanke kansa, ku yi haƙuri, lafiyar naku majinyacin take karewa. Wanda kuma Allah Ya bar shi da ƙodarsa lafiya, in ya haura shekara 40 ko akwai hawan jini ko suga a gidansu, ya tsaya asibitin Gamawa ko cibiyar lafiya mafi kusa a auna masa jini da fitsari a wannan makon, gwajin ba ya cin rabin awa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙarfafi masu kula da su.